KUKAN KWAƊI A TABKUNAN ALAKOS: ME YAKE GAYA MANA GAME DA ƘASARMU?

Idan ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a ƙasar Alakos, da safe manomi yakan ɗauki sungumi da iri ya nufi gona. Da dare kuma wani abu yakan faru a bakin tabki. Wurin da ya yi wata takwas ko tara a bushe sai ya cika da kuka. Kwaɗi ke nan sun fito. Kowa ya san wannan kuka, daga Garazu har rugagen makiyaya na arewa.

To, ƴan uwa masu karatu, ga tambaya. Kukan da kuke ji a bana, ya kai wanda kuka ji kuna yara? Muryoyin nawa ne a cikinsa? Iri ɗaya ne ke kuka, ko iri huɗu, ko biyar?

Wani zai ce, ina ruwanmu da kwaɗo, mu da ke fama da gero da dabbobi? Amma ruwa ba ya tsami banza. Kwaɗo yana zaune a ruwan da dabbobinmu ke sha, yana kwana a cikin ƙasar da muke nomawa. Abin da ya taɓa ruwan nan da ƙasar nan, shi yake fara taɓawa kafin ya iso gare mu. Shi ya sa masana a ƙasashe da yawa suke ƙidayar kwaɗi. Mu ma za mu iya, domin aikin yana son kunne da littafi da alƙalami ne kawai.

INA KWAƊO YAKE ZUWA DA RANI?

Wasu sukan ce kwaɗi daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Ba haka ba ne. Suna nan ƙarƙashin ƙafafunmu tun bara.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar akuya. Ta fatarsa ruwa ke shiga jikinsa. Ta fatar nan kuma yake samun wani kashi na numfashinsa. Fatar ba ta da gashi, ba ta da ɓawo irin na ƙadangare. Idan ta bushe ƙayau, kwaɗo ya mutu. Idan guba ta taɓa ta, gubar ta shiga jini.

Saboda haka, da kaka ta yi, tabki ya fara janyewa, kowane kwaɗo yakan nemi maɓoya. Wani ya shiga ramin ɓera. Wani ya shiga suri. Wani ya laɓe ƙarƙashin saiwar itace, ko cikin tsagar laka, ko bakin rijiya. Wani kuma ya tona rairayi da ƙafafun baya, ya nutse har inda akwai danshi. Can zai kwanta, ba ci ba motsi, har damina ta kewayo. Masunta sun san gaiwa tana yin irin wannan kwanciya a cikin laka.

Kwaɗin ƙasashen Sahel ba iri ɗaya ba ne. Ga waɗanda masana suka samu a Nijar da maƙwabtanta.

Akwai kwaɗon gida, mai kaushin baya, wanda ke zama gindin randa. Yana da wasu ƙullutai biyu bayan idanu masu fitar da ruwa mai ɗaci, shi ya sa kare ba ya son cizonsa. Wani ɗan uwansa ya fi jure fari, yana da jan zane a bayan cinya. Masana sun ba shi suna a 1976, suna ce da shi Sclerophrys xeros. Kalmar ta biyu, a harshen Girka, tana nufin busasshe.

Akwai burduddugi, babban kwaɗon ruwa mai santsi, wanda idanunsa ke bisa kai. Tsawonsa yakan wuce santimita 10. Shi ba ya nisa da ruwa. Har a duwatsun Abzin ana samunsa, a ramukan dutse masu riƙe ruwa.

Akwai ƙaramin kwaɗon rairayi, dunƙulalle, mai wani ƙaho a dunduniya kamar bakin hauya. Da shi yake tona ƙasa. Kukansa kamar ana buga ƙaramin ƙarfe da sauri. Akwai kwaɗon ciyawa, mai dogayen ƙafafu da tsinin baki, wanda ke yin dogon tsalle idan ka taka kusa da shi. Akwai kuma wani ƙato mai faɗin baki, wanda idan ya shiga ƙasa yakan naɗe kansa da tsohuwar fatarsa, rufi bisa rufi, don kada ruwan jikinsa ya tsere.

Duk kukan nan na dare, maza ne ke yin sa. Mata suke kira. Kowane iri da muryarsa, kuma mace ba ta zuwa sai ga muryar irinta. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Bayan sun haɗu, mace takan zuba ƙwai cikin ruwa. Kwaɗon gida yakan zuba dubbai, a jere kamar tsakiya a zare. Cikin kwana biyu ko uku ƙwai sun fashe, ɗiya sun fito masu wutsiya kamar kifi. Wasu na kiransu talibambam. Daga nan tsere ya soma tsakaninsu da rana. Sai sun yi ƙafafu, wutsiya ta shanye, kafin su iya barin ruwa. Masu sauri sukan gama cikin mako uku. Wasu sai wata ɗaya ko fiye. Idan tabki ya ƙafe kafin ranar, duk ɗiyan shekarar sun mutu cikin laka.

Ashe kwaɗo yana bukatar gida biyu. Yana son ruwan da zai daɗe har ɗiyansa su girma. Yana kuma son ƙasa mai maɓoya kusa da ruwan. In aka ɓata ɗaya, ɗayan ba ya isarsa.

YADDA ƘASA TA SAKE

Alakos tana tsakanin Damargu da Kutus, inda gona da makiyaya suke haɗuwa. Ruwan shekara a wajen Gure bai cika wuce milimita 300 da yawa ba, kuma cikin wata uku yake sauka.

Ran 26 ga watan Mayu 1961 gwamnati ta kafa doka mai lamba 61-05. Dokar ta ja iyakar noma ta arewa. Kudu da iyakar na manoma ne, arewa da ita na makiyaya. Amma mutane sun ƙaru. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗan kai a Nijar. Ta 2012 ta sami miliyan 17. Baki ya ƙaru, dole gona ta ƙaru. Ga kuma farin 1973 da na 1984, waɗanda suka kashe dabbobi da itatuwa, suka sa makiyaya da yawa suka kama hauya. A wurare da dama gonaki sun ƙetare iyakar 1961.

Ƙungiyar CILSS, mai yaƙi da fari a ƙasashen Sahel, ta fitar da wani littafin taswira a 2016, tare da masanan Amurka. Sun duba hotunan da tauraron ɗan adam ya ɗauka. Sun ga a kudancin Nijar gonaki sun rufe wajen kashi 13 cikin 100 na ƙasa a 1975. A 2013 sun kai kashi 24 da rabi. Kusan ninki biyu ke nan cikin shekara 38.

Ba laifi ba ne mutum ya nemi abincin iyalinsa. Amma mu duba abin da wannan ya jawo wa tabki.

Na farko shi ne rairayi. Da can tabki yana da zobe na itatuwa da ciyawa kewaye da shi. Bagaruwa, aduwa, magarya da ƙirare suna tare iska, saiwoyinsu suna riƙe ƙasa. Idan aka sare su, aka nome har bakin ruwa, iskar hunturu takan kwaso rairayi ta zuba cikin kwarin tabki. Ruwan sama shi ma ya wanko ƙasar gona ya ƙara. Kowace shekara tabki yana rage zurfi. Ruwa marar zurfi yana saurin zafi, yana saurin ƙafewa. A ce tabki yana riƙe ruwa kwana 60 a da, yanzu kwana 20 kawai yake yi. Mai kallo daga nesa zai ce tabki yana nan. Amma duk kwaɗon da ɗiyansa ke son wata ɗaya, zuriyarsa ta yanke a wurin. Makiyayi ma ya yi hasarar kwana 40 na shayarwa, sai ya koma jan guga tun kaka ba ta ƙare ba. Ciwo ɗaya ne ya kama su su biyu.

Mutanen Gure da Maine-Sorowa sun san wannan masifa sarai. Tuddan rairayi sun binne kwaruruka masu dabino da kanwa da garake, har aka kafa ayyuka na musamman don dasa shingaye a tsayar da su.

Sai dai ba ko'ina abin yake tafiya haka ba. A yammacin Nijar, wajen Fakara, ƙasa tana da tauri. Da aka share daji, ruwan sama ya daina nutsewa inda ya faɗi, sai ya gangara kwari. Masana sun ga tabkuna sun ƙaru a can, ruwan rijiyoyi ma ya hau. A ƙasar Mali, tabkin Agufu ya zama mai ruwa shekara duka tun wajen 1990. Amma ruwan jan laka ne, mai duhu. Saboda haka kada wani ya ce yawan ruwa shi ne lafiyar tabki. A duba irin ruwan, a duba bakinsa.

Na biyu shi ne rashin saura. Gonar da aka bari ta huta takan yi sabara da ciyawa da suri da ramuka. Nan ne maɓoyar kwaɗi. Yau saura ta yi wuya. Bayan girbi kuma ana kwashe kara da harawa, ana share ciyawar daji da manjagara a kai kasuwa. Ƙasa takan zauna tsirara wata takwas. Ɗan kwaɗon da ya baro ruwa, bai kai kan yatsa ba, in bai sami inuwa kusa ba, rana ɗaya ta ishe shi.

Na uku, turmutsitsin dabbobi. Idan gonaki suka cinye burtali da wasu mashaya, duk garkuna sukan taru a tabkin da ya rage. Kofato ya tattake ciyawar baki, ruwa ya zama kunu, fitsari da kashi su yi yawa. Dabba da kwaɗo sun daɗe suna shan tabki ɗaya ba abin da ya faru. Cunkoso ne sabon abu.

Na huɗu, magani. Maganin fara, maganin ƙwarin wake, maganin kashe ciyawa da ake sayowa a kasuwa ba takarda, duka suna bin ruwan sama su gangara tabki. Mafi muni shi ne mai feshi ya wanke tulun feshinsa a bakin ruwa. Mun ce fatar kwaɗo ƙofa ce a buɗe. Masana a Amurka sun gwada wasu magungunan ciyawa, sun ga suna kashe ɗiyan kwaɗi cikin ruwa. Mu tuna kuma, ruwan nan yara suna wanka a ciki, mata suna ɗiba.

A nan gabashin Nijar an yi wani gwaji a 1996 da 1997, a filaye masu kai hekta 800. An gwada maganin fara mai guba, fenitrotiyon, da wani magani na naman gwari mai kama fara kaɗai, wanda aka sa wa suna Green Muscle. Mai gubar ya kashe fara nan da nan, amma ba a daɗe ba wasu suka shigo suka maye gurbi. Na naman gwarin ya yi jinkiri, sai bayan mako biyu ko uku aka ga aikinsa, amma ya fi daɗewa, kuma bai cika taɓa sauran ƙananan halittu ba. Ashe akwai zaɓi.

Akwai kuma abin da ya yi wa wasu kwaɗi daɗi. Tun bayan 1984 aka ƙarfafa noman rani. Garake, rijiyoyin siminti, kududdufan da aka haƙa don tubali, ramukan da masu aikin hanya suka bari, duka sababbin gidaje ne. Kwaɗon gida da burduddugi sukan yi yawa a irin wuraren nan. Zuba kifi a manyan tabkuna, kamar yadda ake yi a jihar Damagaram, ya kawo abinci da kuɗi. Amma tarwaɗa tana cin ƙwai da ɗiyan kwaɗi. Shi ya sa ƙananan tabkuna marasa kifi, waɗanda ake rainawa, su ne gidan haihuwar iri da yawa.

ME ZA MU RASA?

Kwaɗo ma'aikaci ne da ba a biya. Dare duka yana cin shinge, gara, tururuwa, ƙananan fara da sauran ƙwari. Ɗiyan burduddugi suna cin tsutsar sauro a cikin ruwa. Ɗiyan wasu kwaɗin suna cin gansakuka, suna rage dattin tabki. Shi kuma kwaɗo abincin zalɓe ne da shamuwa da guza da macizai. Malamanmu sun san hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda aka hana kashe kwaɗo don haɗa magani.

Kada mu zuguiguita magana. Kwaɗo ba zai tsayar da farin dango ba, ba zai kuma maye gurbin gidan sauro ba. Amma ƙasar Indiya ta ga darajarsa. Ta daɗe tana sayar wa Turai cinyoyin kwaɗi. A 1987 ta hana, kuma cikin dalilan akwai ƙaruwar ƙwari a gonakin shinkafa.

A yankinmu ma ana cinikinsa. Wasu masana, cikinsu akwai Meike Mohneke da Mark-Oliver Rödel na birnin Barlin a Jamus, sun bi kasuwar busassun kwaɗi, suka buga sakamako a 2010. Mutum 32 kawai da suka tambaya suna juya kwaɗo fiye da miliyan 2 da dubu 700 a shekara, zuwa kasuwannin kudancin Nijeriya. Yawanci burduddugi ne. Ana kamo su daga arewacin Nijeriya da maƙwabta, har da wajen Malanbil a bakin kogin Kwara.

Tun 1989, a wani babban taro a birnin Kantabari na Ingila, masana suka lura kowa yana kawo labari ɗaya: kwaɗi suna raguwa. A 2004 aka yi ƙidayar duniya ta farko, aka ga kusan kashi ɗaya cikin uku na irin kwaɗi da danginsu suna cikin haɗarin ƙarewa. A 2023 aka sake. An duba iri 8.011, aka sami kashi 41 cikin 100 suna cikin haɗari. Akwai cuta a cikin dalilan, akwai sauyin yanayi, amma wanda ya fi taɓa iri masu yawa shi ne faɗaɗa noma da kiwo.

YADDA AKE AUNAWA

Dattijo zai ce, a da kwaɗi sun fi haka. Maganarsa tana da nauyi, a rubuta ta. Amma in za a je gaban magajin gari ko kwamitin kula da filaye, lissafi ya fi ƙarfi. To, me za a lissafa?

Abu biyu ne, kada a haɗa su. Akwai yawan kai. Akwai kuma yawan iri. Makiyayi ya san bambancin. Mai awaki 50 da mai raƙuma 10, shanu 10, tumaki 15 da awaki 15, dukansu kai 50 gare su. Amma in ciwon awaki ya shigo, wa zai tashi da hannu wofi?

Ga lissafi, ku yi shi a allo a cibiyar yaƙi da jahilci. A ce tabki na farko yana da kwaɗo 100, iri 4, kowane iri 25. Tabki na biyu shi ma yana da kwaɗo 100, iri 4. Amma 97 kwaɗin gida ne, sauran iri ukun ɗaya ɗaya. In ka ƙidaya kai, sun yi daidai. In ka ƙidaya iri, sun yi daidai. Amma ba ɗaya suke ba. Rufe ido ka kama kwaɗo biyu. A tabki na farko, wajen sau 76 cikin 100 za su fito iri dabam dabam. A na biyu, sau 6 kawai cikin 100. Wannan dabarar awo wani Bature mai suna Simpson ne ya fito da ita a 1949, kuma masana suna aiki da ita har yau. Tabki na biyu yana bakin rasa iri uku, ko da kukansa ya fi cika kunne.

An ga irin haka a zahiri a dajin Tayi na ƙasar Kodibuwa. Rödel da abokin aikinsa Raffael Ernst sun gwada dajin da ba a taɓa ba da wanda aka sari katako a ciki. Yawan iri bai bambanta sosai ba. Amma da suka duba ko su wane ne, sai suka ga waɗanda ke bukatar ruwa na musamman don haihuwa sun ɓace, masu jure kome sun maye wurinsu. An sake komawa fiye da shekara 40 bayan saran, aka tarar dajin bai gama maido da kwaɗinsa na da ba. Saboda haka ba a tsayawa ga tambayar nawa ne. A tambayi kuma, su wane ne?

Hanya mafi sauƙi ita ce ta kunne. Mun ce kowane iri da muryarsa. A zaɓi mutum biyu. Su je bakin tabki bayan sallar isha, a daren da ya biyo babban ruwa. Su tsaya wuri ɗaya, su yi shiru, su kashe fitila. Su saurara minti 10 daidai da agogo. Su rubuta muryoyi nawa dabam dabam suka ji. Kowace murya a ba ta lamba. Lamba 1, in ana iya ƙidaya masu kukan ɗaya ɗaya. Lamba 2, in kukan yana hawa kan juna amma ana rarrabewa. Lamba 3, in ya zama guɗa ɗaya ba a iya ƙidaya. Mai wayar salula ya ɗauki muryar, ya faɗi sunan tabki da kwanan wata a farkonta.

Hanya ta biyu ta ido ce. Mutum biyu su bi bakin ruwa da tocila minti 30, su rubuta abin da suka gani. A sa takalmi, a riƙe sanda, domin maciji shi ma kwaɗo yake nema. Da rana kuma a sa rariya a ɗebo ɗiyan kwaɗi sau 10 a wurare dabam dabam, a zuba a ƙwarya, a duba, a maida su. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. Kuka yana nuna maza sun zo. Ɗiya masu ƙafafu su ke nuna haihuwa ta yi kyau.

Masana sukan kafa ɗan shinge na leda, su binne bokitai a gindinsa, kwaɗon da ke tafiya da dare ya bi shingen ya faɗa. Da sassafe a duba a sake shi kafin rana ta yi zafi. Suna da wata dabara kuma ta sanin yawan kai. A kama 20, a ɗauki hoton bayan kowane, tun da zanen bayansu ba ɗaya ba ne, a sake su. Bayan kwana biyu a sake kama 20. In 5 cikinsu tsofaffin kamu ne, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Ashe 20 ɗin farko kashi ɗaya cikin huɗu ne na duka. 20 sau 4, kwaɗo wajen 80 ke wurin. Tun 2008 kuma, a Faransa, aka nuna ana iya ɗibar ruwan tabki a kwalba, a kai ɗakin bincike, a gane irin kwaɗin da ke ciki daga ɓurɓushin jikinsu. Wannan yana da tsada, ba namu ba ne tukuna.

Yanzu ga tarkuna, ku kiyaye su.

Rashin jin murya ba ya nufin babu mai ita. Wasu kwaɗin dare biyu ko uku kawai suke kuka a shekara, sa'an nan su yi shiru. Wasu ƙarar manya ce ke danne su. Don haka zuwa ɗaya ba ya isa. A je aƙalla sau 3, a farkon damina, da tsakiyarta cikin Agusta, da ƙarshenta. In kowane zuwa yana ƙaro sabon iri, ba a gama ba. In an je sau biyu ko uku a jere ba sabo, an kusa sanin duka.

Awo ya zama da mudu ɗaya. In an saurari wannan tabki minti 10, a saurari wancan minti 10. In an je wannan bayan ruwa, kada a je wancan bayan kwana 15 na fari. Mai auna hatsi da tiya biyu, babba da ƙarama, ba a yarda da lissafinsa.

Shekara ɗaya ba ta yanke hukunci. A shekarar fari kwaɗi kan yi ƙaranci ko'ina, a gona da daji. Idan ba a rubuta ruwan sama ba, sai a ɗora wa manomi laifin da ba nasa ba. A nemi lissafin ma'aunin ruwa wurin malamin gona, a rubuta shi kusa da na kwaɗi.

To, yaya za a gane aikin ɗan adam ne ya kawo canji? Sai a gwada tabki da tabki a shekara ɗaya. A zaɓi 3 da gonaki suka kewaye har baki. A zaɓi 3 cikin makiyaya ko saura, masu itatuwa. A yi ƙoƙari girmansu ya yi kusa. Ga kowane a rubuta ranar da ya cika da ranar da ya ƙafe. A kafa sanda mai zane a tsakiya don auna zurfi. A ƙidaya taku nawa ne daga ruwa zuwa gona ta farko. A ƙidaya itatuwan da ke cikin taku 50. A rubuta ko ana feshi kusa, ko akwai kifi, ko garke nawa ke sha. Bayan shekara 3 ko 5 littafin zai fara magana.

ABIN DA KE HANNUNMU

Ƙasa tana iya komowa. A jihar Maraɗi, tun wajen 1983, manoma suka fara barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa sassabe. A Damagaram gawo ya sake cika gonakin Magarya da Matamai da Mirya. Masana sun ƙiyasta hekta miliyan 5 ne suka sake yin itatuwa a Nijar ta wannan hanya. Abin da aka yi a gona ana iya yin sa a bakin tabki.

A bar wa tabki zobensa. Gari ya zauna da manoma da makiyaya, a yanke taku nawa za a bari ba noma ba sara. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare mashaya da burtali, kuma kwamitin kula da filaye na komin yana iya rubuta yarjejeniyar ya sa mata hannu. Inda tudun rairayi ya tunkaro ruwa, a kafa shingen kara ko na ƙirare ta gefen da iska ke fitowa. Mai feshi ya wanke kayansa nesa da tabki da rijiya, ya haƙa rami ya zuba ruwan wankin. Galan ɗin magani kada ya koma na ɗibar ruwa. In za a yashe tabki, a yi da rani, kuma a bar gefe ɗaya marar zurfi mai ciyawa.

Malaman cibiyoyin yaƙi da jahilci na Alakos da Kelle da Gamu, ga darasin lissafi da rubutu ya zo muku har gida. Kowace cibiya ta ware littafi ɗaya. Shafi ɗaya, tabki ɗaya. A ja layi biyar: kwanan wata, ruwan da ya sauka, zurfin tabki, muryoyin da aka ji, ɗiyan da aka gani. A tambayi tsofaffi sunayen kwaɗi da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci, a rubuta su a shafin farko. In tabki ya ƙafe, a kwafe shafin, a ba ma'aikacin gandun daji na Gure ɗaya, a aiko wa wannan jarida ɗaya. Za mu buga lissafin kowane gari da sunan tabkinsa.